Takardar taki ce, zanen fa na wa?

Tambaya: Barista, a Faransa nake zaune. Na sayi tsofaffin hotunan 'yan rawa guda biyu na bugun dutse (zanen da ake yi a kan dutse sannan a buga shi a takarda) a gwanjo: ɗaya na Henri Matisse, ɗayan fostar da Paul Colin ya zana wa wasan Revue Nègre na 1925, mai ɗauke da hoton 'yar rawa Josephine Baker. Ina so in buga su a riguna da jakunkuna in sayar a nan da Kano. Tunda kuɗina na sa, da matsala?

Amsa: Hajiya, kuɗinki takarda ya saya miki. Ki rataye ta, ki kyautar, ki sayar, duk babu mai hana ki. Amma dokar Faransa ta raba mallakar hoto da haƙƙin kwafarsa, shi kuwa haƙƙin yana hannun magada har shekara 70 bayan mutuwar mai zanen. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma 70 ɗin ta sa. Saboda haka ki bar duba tsufan hoto, ranar da mai shi ya mutu za ki nema.

Matisse ya mutu a 1954, aikinsa ya zama na kowa tun 1 ga Janairun 2025. Ki buga abinki. Sai dai ki ambaci sunansa, kada kuma ki datse zanen ko ki sauya masa launi yadda zai ɓaci, domin a Faransa haƙƙin mutunta aiki ba ya ƙarewa, magada na iya kai ki kotu a kansa.

Colin ne inda gizo ke saƙar. Fostar ta cika shekara ɗari, amma shi sai 1985 ya mutu, kariyar na nan har ƙarshen 2055. Kada rigunan da kike gani a intanet daga Amurka su ruɗe ki. Can shekara 95 suke ƙirgawa daga shekarar wallafa irin wannan tsohon aiki, shi ya sa kariyar ta riga ta ƙare a can.

Ki rubuta wa ADAGP, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin masu zane a Faransa, ki faɗi yawan kayan da ƙasashen da za ki kai su, ki nemi lasisi a rubuce. In kuɗin ya yi nauyi, ki koma ga fostocin Toulouse-Lautrec da Jules Chéret, sun mutu a 1901 da 1932. Ni dai ba zan ba ki shawarar kai na Colin wurin mai bugu ba kafin takardar izini ta shigo hannunki.