Kafin ka sayi batir na uku, a sa wa motar mita

Malam, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka sa sabon batir bai kai wata ɗaya ba, amma kullum da safe sai kik ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru, kuma rewaya ya ce batirin ne jabu, ka sake sayen wani. Don Allah dakata. Ni batir biyu na saya a wata uku a kan irin wannan maganar, kuma duk cikinsu babu mai laifi.

Tawa Corolla ce otomatik. Jar fitilar nan mai hoton batir ta fara leƙowa a dashbod, ta kawo ta ɗauke. Na kai wa rewayan da na yi shekaru ina hulɗa da shi, mutumin da har sunan ɗansa na je. Ya tayar da mota, ya zare kan batir tana aiki, ba ta mutu ba, ya ce: "Ka gani, altaneta lafiya lau, fitilar nan kuwa, wata waya ce kawai ke taɓawa." Altaneta ita ce na'urar da ke cajin batir. Ya sa na sayi batir a hannun yaronsa. Bayan sati shida ya ce wancan ɗin ma ya kwana a shago, na sake saye. Ni kuwa na miƙa wuya, tunda shi ne mai sana'a.

Ranar da abin ya fashe, daga ta'aziyya muke dawowa daga Zariya, da damina, bayan isha'i. Surukata Hajiya na baya, ita da maiɗakina da yara biyu. Muna wuce Kwanar Ɗangora na ga fitilun gaba sun koma ja kamar aci-balbal. Waifa ta fara jan ƙafa, rediyo ta ɗauke, sai giya ta fara fizga. Kafin Kura inji ya mutu murus, ko fitilar gargaɗi ta ƙi kamawa. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga tireloli na wucewa suna watsa mana ruwa, ga otomatik ba a tura ta ta tashi. Na fita da tocilan ɗin waya ina ɗaga wa motoci hannu, babu mai tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai tsaya wa mutum a hanyar nan da dare? Abin da har yau yake ci mini rai shi ne Hajiya ba ta ce uffan ba. Carbinta kawai take ja. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na kira rewayan nan sau bakwai, bai ɗaga ba. Washegari da na same shi, wai "ai ƙaddara ce, Alhaji." Na san ƙaddara ce, amma kuɗin batir biyu a aljihun wa suka shiga? Wani direban a-kori-kura ne, Allah Ya saka masa da alheri, ya ja mu da igiya har gidan mai.

Wani dattijon rewaya ne ya buɗe mini ido. Bai kwance komai ba sai da ya ɗora mita, wato na'urar auna ƙarfin wutar batir. Ya ce batir randa ce, altaneta kuma mai zuba ruwa. Aikin batir ya juya kik inji ya tashi, shi ke nan. Daga nan fanbel ke juya altaneta, ita ke ba fitilu da esi da fulogi wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. In ta daina zubawa, mota za ta yi ta ɗiba a randa har ta ƙafe, ko sabuwa ce fil.

Lambobin da ya nuna mini su nake so ka riƙe. Mota a kashe, lafiyayyen batir cikakke yana nuna wajen volt 12.6 a mita. In an tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Tawa tana aiki amma 12.1 take nunawa, da ya kunna fitila da esi sai ta ƙara sauka. Da ya buɗe altanetar, burushin kabon ɗin ciki ne ya cinye, ɗan abin da kuɗinsa bai kai kwatan batir ɗaya ba. In kuma ka ga ta haura 15, ragwaleta, mai daidaita wutar altaneta, ce ta lalace, tana dafa batir, za ka ji yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Kuma kada ka yarda kowa ya zare maka kan batir inji na aiki. Dabarar zamanin motocin kafireto ce. A motar yanzu wutar na iya tsalle ta ƙona birenbos, wato kwamfutar mota, kuma gwajin ma ƙarya yake yi, ga shi ya yi a kaina.

Tunda taka da safe take ƙi, akwai wani abu kuma. Wataƙila cajin na shiga, amma wani abu na tsotsa cikin dare: dayod ɗin altaneta da ya huje, ko fitilar but, ko rediyo da tiraka da aka jona barkatai. Yau da dare, bayan ka kashe mota, cire kan batir baƙi, na nagatif, da safe ka mayar. In ta tashi da bugu ɗaya, ɓarawon yana cikin wayoyi. Duba fanbel ma, in yana kuka da safe to ya saki. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, wanke shi da ruwan zafi ka goge da sanfefa, ka ɗaure tam. In kuma zirga-zirgarka daga gida zuwa makarantar yara ce kawai, ga esi ga cunkoso, batir ba ya samun cika, zafin garinmu kuma ba ya raga masa.

Ni yanzu ƙaramar mita na saya tana cikin aljihun mota, tare da wayar jona batir. Hajiya kuwa tun daga ranar, in za mu Zariya sai ta ce a kai ta tasha kawai. Ka auna gobe ka turo mana lambobin biyu, na a kashe da na a kunne.