Kuɗin fiton bitamin daga Kano zuwa Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon magani a Damagaram, kuma ina so in fara sarin bitamin daga Kano. Wani ya ce mini magani ba shi da kuɗin fito, wani kuma ya ce sai na biya kamar sauran haja. Wanne ne gaskiya? Daga mai karatu a unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, domin ma'aikatan duwan ba sunan bitamin suke dubawa ba, rukunin da kayan suka faɗa suke dubawa. Jadawalin kuɗin fito na bai ɗaya da ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara aiki da shi a 2015 yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Bitamin da aka yi wa rajista a matsayin magani, mai lambar duwan 3004, yana matakin farko tare da sauran magunguna. Wanda kuwa aka rubuta a kwalinsa cewa ƙarin abinci ne, yakan faɗa lamba 2106, a lissafa shi da kayan abinci, a biya masa fito, sannan harajin TVA (harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye) na kashi 19 ya hau kai. Kwalabe biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a kan kanta, launi ɗaya, girma ɗaya, amma rubutu ɗan layi guda a gefen kwali ya raba farashinsu.

Sai batun asalin kaya, wanda nan ne 'yan kasuwa da yawa suke tuntuɓe. Sayen kwali a Kano bai mayar da shi ɗan Najeriya ba, domin da yawa daga abin da ke kasuwar daga Indiya ko Sin ya fito, kuma sassaucin da ECOWAS ta tanada na kayan da aka sarrafa a yankin ne masu takardar shaidar asali. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a Maris na shekarar ƙawancen AES na ƙasashen Sahel (Nijar, Mali da Burkina Faso) ya sanar da harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Saboda haka ka sa mai yi maka fito ya rubuta maka lissafin duka kafin mota ta taso.

Abin da ya fi damuna kuwa, Malam, ba kuɗin ba ne. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ke jikin kwalba izinin sayarwa ne a Najeriya kaɗai. A nan Nijar dole magani ya sami amincewar hukumomin lafiya, kuma shigo da shi aikin masu lasisi ne, irin su ONPPC, ma'aikatar gwamnati mai samar da magunguna, da manyan dillalai masu izini. Wanda ya kauce wa wannan ya bi ta daji da babur, ya ɗora kwali a bayansa cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, abin da zai iso Kasuwar Dole ba lalle ya zama abin da aka rubuta a jikinsa ba, tunda bitamin C ba ya jure zafi. Mai juna biyu da ta ƙulla 'yan kuɗinta a bakin zane ta zo shagonka, amana ta kawo maka. Shawarata ita ce ka fara tambayar dillalin da ke da lasisi a nan gida ko yana da irin wanda kake so, ka kwatanta farashinsa da na Kano bayan an haɗa fito, haraji, kuɗin mota da canjin naira zuwa sefa.