Baffa, Awo Aka Yi Mana Kafin Mu Shigo Kanada

Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Saƙonku na murya ya same ni a hanyar aiki, na saurara har sau uku. Kun ce ana ta faɗa a majalisa wai sai mutum ya auri Baturiya yake samun takardar zama a nan, kuma kuna tambaya ko 'ya'yanmu har yanzu Hausawa ne.

Ta farkon ta ɗan sosa mini rai, don ku da kanku kuka karɓo mini auren uwar yaran nan a Fagge. Mu da muke Winifeg, yawancinmu awo aka yi mana kamar hatsi a Dawanau. Tun 1967 ƙasar nan take zaɓen baƙi da maki, a 2015 suka mai da abin kan intanet da sunan Express Entry. Mutum zai zuba shekarunsa, karatunsa, aikin da ya yi da sakamakon jarrabawar Turanci ko Faransanci, kwamfuta ta yi lissafi. Ƙolin makin 1,200 ne. Idan wani lardi ya ce yana so, a ƙara wa mutum 600, kusan ya haye ke nan. Ni Manitoba ce ta ɗauko ni, lardin da birnin Winifeg yake ciki. Daga 2023 kuma suka fara ware sana'o'in da suke ƙishirwa: ma'aikatan lafiya, kafintoci, masu aikin famfo, da masu jin Faransanci. Nan 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sha gabanmu, Faransancin da muke tsokanarsu da shi ya zame musu jari.

Kada ku ɗauka da isowa sai hutu. Don ilimin harhaɗa magunguna suka kira ni, amma na fi shekara biyu ina jera kwalaye da dare a wani kanti kafin na gama jarrabawoyinsu na samu lasisi. Ban taɓa gaya wa Inna ba har ta rasu.

Abin da nake so ku duba shi ne makin shekaru. Yana cika ne daga 20 zuwa 29, daga 30 ya fara zubewa, a 45 babu ko ɗaya. To wa zai zo? Samari da 'yanmata. Babu kaka, babu gwaggo, babu dattijon da zai ce a bari. Ni da nake da 43, da ƙyar za a ba ni tabarma a zaurenku, a nan ni ne ake kira idan miji da mata sun saɓa. Ranar sunan autata babu wanzami, ni na yi mata aski hannuna yana rawa, uwarta tana cewa in yi a hankali da maɗiga. Ragon kuwa sai da muka yi tafiyar awa guda zuwa wata gona, sanyi ya kusa 30 ƙasa da sifili. Wankan jego ta waya aka koya mata, surukata tana faɗa daga Kano, ni ina dafa ruwa. Yawancin abin da kuke gani a hotunanmu kuna cewa mun canza, rashin manya ne ya jawo shi.

Batun ƙarin aure da kuka sako da wasa, wallahi ba a mallake ni ba. Mace ɗaya dokarsu ta sani, fiye da haka laifi ne. Wani abokina mai mata biyu makinsa ya kai, ya zauna gaban takardar ya rasa wadda zai rubuta, ya haƙura, yana Kaduna har yau. Auren waɗanda ba Hausawa ba kuwa akwai shi, ba zan ɓoye ba. Ɗaya daga cikinmu ya auri 'yar Somaliya, wani ya auri 'yar Filifin da ta musulunta, yanzu miyar kukarta ta fi ta wasu 'yan Kano. Dukansu da takardunsu a hannu suka yi auren. Inda cikina yake ɗurar ruwa shi ne ranar da 'yata za ta kawo nata, don samarin Hausawa a garin nan ba su cika tafin hannu ba.

Hausar yaran kuwa da sauƙi dai. Babbar tana durƙusawa ta gaishe ni, amma "ina kwana" take cewa ko da magariba ce. Ranar Asabar zan kira ku da bidiyo, kuna gabanmu da awa bakwai yanzu da muke lokacin sanyi, wato bayan la'asar ɗinku. Ku yi mata Hausa zalla, Baffa, ko ta juyo tana kallona kada ku tausaya mata.