Cinikin Kayan Hannu ta Intanet: In Tura Kafin Alƙalami ko In Dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ce a Kano, ina ɗinki a gida. Na sa tallar tsohon keken ɗinkina a Jiji da Facebook, da niyyar idan na sayar in cika kuɗi in sayi waya ta hannu, wato wadda aka yi amfani da ita, mai kyamara mai kyau, domin ɗaukar hoton ɗinkunana. Na ga wata iPhone wadda mai ita ya ce yana Legas, kuɗinta kuma ya yi ƙasa sosai da abin da aka faɗa mini a kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano, amma ya ce sai na tura rabin kuɗin kafin alƙalami sannan ya ba direba ya kawo mini. Shi kuma keken, wani ya ce ya saya ba tare da ya nemi ragi ba, zai turo kuɗi ta banki, ya aiko mai adaidaita sahu ya ɗauka. Maigidana ya ce hankalinsa bai kwanta da ko ɗaya ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maigidanki ya yi gaskiya a duka biyun. Kada ki tura wa mutumin Legas ko sisi, kuma kada keken ya fita daga ɗakinki sai kin buɗe asusunki da hannunki kin ga kuɗin a ciki. Ban ce mutanen nan biyu ɓarayi ba ne, domin ban san su ba, ke ma ba ki san su ba, matsalar ke nan. Abin da na sani shi ne, tsarin da kowannensu ya kawo miki ya ɗora dukkan hasarar a kanki idan abu ya lalace, shi kuwa ba ya rasa komai.

Yana da kyau ki fara fahimtar mene ne waɗannan shafukan. Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya kuma saye harkokin wani shafin talla irinsa mai suna OLX na Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka a 2019, da sashen kasuwa na Facebook da aka buɗe a 2016, allon talla ne. Suna haɗa mai saye da mai sayarwa, amma a cinikin da aka saba yi tsakanin mutum da mutum ba su ke riƙe kayan ba, ba su ke riƙe kuɗin ba. Shi kansa Jiji yana rubuta gargaɗi a gefen tallace-tallace cewa kada a biya tun kafin a ga kaya, kuma a haɗu a wurin da jama'a suke. Mu da muka saba da dillali mukan manta da yawan aikin da yake yi a madadin 'yar la'adar da ake ba shi. Dillalin Ƙofar Wambai ko dillaliyar da ke shiga gidaje da atamfa da kwanuka ta san gidan da kaya suka fito, ta san gidan da suka shiga, ita ce shaida, kuma idan rigima ta tashi an san ƙofar da za a je a yi sallama. Intanet ta ɗauke mana la'ada, ta kuma tafi da wannan shaidar. Don haka duk abin da zan faɗa miki ƙoƙari ne na mai da shaidar wurinta: kaya da kuɗi su sauya hannu lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, a gaban wanda ya san ki.

Wannan ma ba sabon tunani ba ne. Wanda ya yi karatun Risala a zaure zai tuna cewa an halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma an hana a shardanta biyan kuɗinsa tun kafin ya iso, sai fa idan wurin yana kusa ko kuwa abin irin wanda ba a tsoron ya sauya ne, kamar gida ko fili. Malaman da suka rubuta haka ba su san waya ba, amma sun san cinikin biri a sama.

Mu koma kan mutumin Legas. Abu uku ne suka taru a tallarsa, araha mai yawa da nisan gari da neman kuɗi tun da wuri, kuma haɗuwar ukun ita ce siffar damfara da aka fi gani a wannan harka. Wanda yake Legas da waya lafiyayya, ga kasuwar Computer Village a Ikeja inda za a saye ta cikin awa guda, me zai sa ya karya kuɗinta ya nemi mai saye a Kano? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yadda abin yakan gudana shi ne, idan kin tura rabi sai a turo miki hoton kwali da lambar wani da aka ce direba ne. Washegari direban ya kira ya ce an tsare su a hanya, ko kuma sai an biya kuɗin tasha, ki ƙara tura wani abu don kada na farko ya salwanta. Daga nan sai lambobin biyu su daina shiga. Hoton katin shaida da yakan turo don ya kwantar miki da hankali bai tabbatar da komai ba, domin sau da yawa na wani ne da aka riga aka damfara. Za ki iya sa hoton wayar a Google Lens, manhajar binciken hoto ta Google, ki gani ko an ɗauko shi ne daga wani shafi, za ki iya neman kiran bidiyo ya nuna miki wayar a kunne, to amma ko ya ci wannan jarrabawa, abin da ya nuna shi ne yana da waya, bai nuna zai aiko miki ita ba. Hanya ɗaya ce na yarda da ita ga kayan da ke nesa: ki sami ɗan'uwa ko amintacce a garin ya je ya duba, ya riƙe wayar a hannunsa, sannan ki biya, shi kuma ya ba da saƙon a tasha. Idan mai wayar ya fara kawo uzuri da ya ji maganar wakili, ya riga ya ba ki amsa.

Ni dai da zan zaɓa miki, sai in ce ki nemi wadda take Kano, ko da ta fi tsada kaɗan. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, mafi kyau a shagon mai gyaran waya da ku kuka zaɓa, ba shi ya zaɓa ba, kuma ki tafi da maigidanki ko wani ɗan'uwa. Kada ki yarda da sauya wuri bayan kun kama hanya.

A teburin mai gyara, kada ki bari a gaggauta ki. Ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar ita wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar da wadda ke jikin kwali idan akwai. Ki cire layinki ki sa a ciki, ki kira maigidanki yana tsaye a gefe, ku ji ko murya na fita ta ɓangarorin biyu, domin wasu wayoyin da ake shigowa da su a kulle suke a kan layin wani kamfani na ƙasar waje. Ki lura kuma cewa iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta, idan na kasuwar Amurka ne, ba su da ramin sa layi ko kaɗan. Ki ɗauki hoto da kyamarar gaba da ta baya tun da dominta za ki saya, ki jona caja, ki duba lafiyar batir a saiti, ki sa mai gyara ya duba ko an taɓa sauya gilashi. Sannan babbar magana: mai wayar ya fitar da asusunsa na iCloud, wato asusun Apple da ke kulle iPhone da sunan mai ita, a gabanki, a goge wayar gaba ɗaya, a sake kunna ta, ki shigar da naki asusun har ta buɗe. Idan ya ce ya manta kalmar sirri, ko ta yayarsa ce da ke Saudiyya zai karɓo miki daga baya, ki tashi. Wayar da ke kulle da asusun wani ba ta da amfani sai a sayar da sassanta. Wayoyin Android ma suna da irin wannan kulle na asusun Google. Akwai kuma wata sabuwar matsala, wato wayoyin da kamfanoni ke bayarwa bashi ana biya kaɗan-kaɗan: tana aiki lafiya ranar da kika saya, ranar da wanda ya ci bashin ya daina biya sai kamfanin ya kulle ta daga nesa. Ki tambaya kai tsaye, ki kuma nemi rasit na asali.

Rasit ɗin yana da wani amfani da ya fi wannan. Kowa a Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabi unguwanni, kuma wayoyin nan ba ɓacewa suke yi ba, hannun masu saye suke komawa. Idan 'yan sanda suka bi sawun waya, wanda layinsa ke cikinta suke fara samu, ba wanda ya ƙwata ba, kuma karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Abin da zai nuna cewa ba da sani kika saya ba shi ne takarda. A rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa da adireshinsa, da samfurin wayar da lambar IMEI da kuɗin da ranar, ya sa hannu, shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa bayan an gwada fuskarsa da hoton da ke jiki. Ki biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan katin. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, wasu ma su ke fara nema.

Yanzu ga keken. Mai saye da bai taya ba, bai tambayi ko keken na tsallake zare ba, bai kuma nemi ya gani ba, ya cancanci a sa masa ido. Na taɓa zama a shagon wani abokina mai sayar da kayan lantarki na hannu, wani saurayi ya yi cinikin janareto, ya danna wayarsa, nan take ta mai shago ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki da adadin kuɗin daidai. Har yara sun kama janareton za su ɗora a mota, sai mai shagon ya ce a dakata, ya buɗe manhajar bankinsa. Babu abin da ya shiga. Saurayin ya ce matsalar netwok ce, zai je wurin mai POS ya ciro tsaba, bai dawo ba har muka tashi. Saƙon tes ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit kuwa yaro ma zai iya gyara shi. Shaida ɗaya ce, ki shiga manhajar bankinki ko ki danna lambar duba asusu ki ga kuɗin sun ƙaru. Mai adaidaita sahu yana waje yana danna oda, mai saye yana kira yana rantsuwa, wannan matsin da gangan ake shirya shi. Ki bar su su jira.

Ko kuɗin sun shiga da gaske, ki duba sunan wanda ya turo. Akwai dabarar da ɗan damfara ke kwafe hoton kekenki ya tallata shi a wani wuri kamar nasa, ya ba wani bawan Allah lambar asusunki ya biya, shi kuma ya aiko a ɗauki keken. Ke kin ga kuɗi kin saki kaya, wanda ya biya bai sami komai ba, ya kai ƙara, asusunki ne za a rufe domin a nan kuɗin suka sauka. Saboda haka idan sunan mai turowa ya saɓa da na wanda kuke magana da shi, ki tsaya sai kin ji daga bakin mai asusun. Haka nan idan aka ce an yi kuskure an turo fiye da kuɗin, ki mai da ragowar zuwa wani asusu dabam, kada ki taɓa, ki kai maganar banki. Kuma ki sani cewa mai son biyanki ba ya buƙatar komai sai lambar asusu mai alƙaluma 10 da sunan banki. Duk wanda ya nemi BVN ko lambobin jikin katin ATM ko wata lamba da aka turo miki ta tes, har da lamba mai alƙaluma 6 ta WhatsApp, ba keke yake nema ba.

Tun da keken ɗinki ba abin sawa a jaka ba ne, ba laifi a zo gida a duba, amma a fito da shi zaure ko ƙofar gida, a lokacin da maigida yake nan, kuma kada ki rubuta cikakken adireshi a cikin tallar, sunan unguwa ya isa. Ke ma akwai haƙƙi a kanki: idan keken yana da aibi ki faɗa tun a tallar, ki ɗauki hoton wurin, domin aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mai da kaya.

Idan kuwa kin riga kin tura wa mutumin Legas wani abu kafin ki rubuto, ki kira bankinki yau, ba gobe ba, ki ba su lambar asusun da kuɗin suka shiga da lokacin da aka tura, ki nemi su tuntuɓi wancan bankin a tsare asusun, domin irin waɗannan kuɗi ba sa kwana a wuri ɗaya. Ki adana hoton tallar da hirarku da rasit kafin ya goge, ki kai rahoto ofishin 'yan sanda ko na EFCC, ki kuma danna wurin kai ƙara a shafin don a sauke tallar. Ba zan yi miki alkawarin kuɗin za su dawo ba. Kuma idan wani ya kira ki bayan haka ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato miki kuɗinki idan kin biya kuɗin aiki, ki kashe wayar, sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabuwar lamba.