Amsoshin tambayoyinku: masu son aikin binciken ciwon daji

Tambaya: Ina aji uku a jami'a, ina karanta bayokemistiri. Likitanci na nema ban samu ba. Sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyata, kuma burina in yi bincike a kan cutar. Shin hanya ta toshe ke nan? (Wata ɗaliba, Kano)

Amsa: Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa jinyar ta zama kaffara. 'Yata, kwantar da hankalinki. Da yawa daga masu bin diddigin yadda ƙwayar halitta ke bijirewa har ta zama daji ba su taɓa rataya abin awon ƙirji ba. Abin da digirinki ba zai ba ki ba shi ne lasisin gwajin majiyyata a asibiti. Wannan na waɗanda suka yi shekara 5 a kimiyyar ɗakin gwaji ne suka yi rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da wannan sana'a a Najeriya. Taki hanyar ita ce digiri na biyu, sannan na uku. Ki fito da sakamako mai kyau, ki koyi lissafin ƙididdiga da manhajar R, wadda kyauta ce. Kuma kada ki raina abin da ke ƙofar gidanmu: sankarar hanta da ke bin ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar gyaɗa da masara, da sankarar mafitsara da ke bin tsargiya. Ga misali, a 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji bayan ya lura da kumburin muƙamuƙin yara a Yuganda, ya yi ta aika wa asibitoci takardar tambaya. Wannan aikin ne ya kai ga gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964.

Tambaya: Nawa mai binciken ciwon daji ke samu a wata? In da maiƙo zan shiga.

Amsa: Malam, Kantin Kwari na nan, ba a rufe ba.

Tambaya: Na gama digiri na biyu. Ga koyarwa a jami'ar tarayya, ga wani kamfani mai gwajin magunguna da albashinsa ya fi tsoka. Wanne zan ɗauka? (Wani matashi, Zariya)

Amsa: Ƙanena, kafin ka kalli albashi, je ka ga ɗakin gwajin kowannensu da tsakar rana, ba tare da ka sanar ba. Nemi firizar ajiye samfur, wadda ya kamata ta tsaya a maki 80 ƙasa da sifili, ka tambaya wa ke sayen gas ɗin janareta in an ɗauke wuta. Dare ɗaya ba wuta na iya lalata samfurin shekara biyu. Juya kwalaben sinadarai ka karanta ranar lalacewarsu. Da dala ake shigo da su, shi ya sa wasu ke lallaɓa wanda ya wuce lokaci. A jami'a kai ke zaɓen tambayar da za ka bi, kuma TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kan ɗauki nauyin malamai zuwa digiri na uku, sai dai ka san zancen yajin aiki da ajin ɗalibai ɗari-ɗari. A kamfani akwai wuta da kayan aiki, amma tambayar tasu ce, aikin na kwantiragi ne, kuma ba lallai sunanka ya fito a takarda ba. In da iyali a wuyanka, karɓi na kamfanin ba kunya. Ka kuma riƙa leƙa sanarwar NICRAT, cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa da ke Abuja.

Tambaya: Wata mujallar ƙasar waje ta turo mini saƙo cewa ta yaba da aikina, za ta buga cikin mako guda in na biya. In sayar da babur ɗina? (Wani malamin jami'a, Sakkwato)

Amsa: Kada ka kuskura! Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mujallar kirki ba ta bin mutum da kirari a imel. Takardarka takan yi watanni a hannun masana, su dawo maka da ita da gyare-gyaren da za su ɓata maka rai, wani lokacin ma su ce a'a. Wadda ta yi alkawarin mako guda ba ta karanta komai ba. Ko lissafin cefane ka tura mata za ta buga. Sunanta yakan yi kama da na wata babbar mujalla, an sauya kalma ɗaya tak, adireshinta na Landan ko Amurka, asusun da za ka tura kuɗin kuwa na wani mutum ne can daban. Buɗe PubMed da DOAJ, shafukan intanet masu jerin mujallun da aka tantance, kyauta ne, ka nemi sunan harafi da harafi. Gaskiya ne akwai mujallu na gaske da ke cajin kuɗi, amma bayan an tantance aikin ne, kuma da yawansu na yi wa masu bincike daga ƙasashe irin namu ragi ko yafiya in an nema.

Asarar ba ta tsaya a babur ba. Aikin da ka zuba a can ya mutu, domin ba mujallar kirki da za ta sake karɓar abin da aka riga aka buga. Matan da suka yarda aka ɗebi jininsu saboda bincikenka fa, me ka yi da amanarsu? Ranar da ka nemi tallafi a waje, masu tantancewa na ganin sunan mujallar za su ture takardarka gefe.

'Yan uwan irin waɗannan mujallu su ne masu gayyatar taron bogi a Dubai, da ejan masu sayar da gurbin karatu. Neman tallafin Commonwealth na Birtaniya ko DAAD na Jamus ba ya buƙatar ɗan tsakiya, da kanka za ka cike. A Amurka kuma galibi jami'a ce ke biyan ɗalibin digiri na uku a wannan fanni alawus. Duk wanda ya ce ka kawo kafin alƙalami ya sama maka gurbi, toshe lambarsa.

Tambaya: In sayi madubin gwaji na hannu in riƙa koyo a gida?

Amsa: A'a. Ba ka da sinadarin rini, ba ka da izinin taɓa naman majiyyaci. Sayi kwamfuta mai ƙarfin batir da kuɗin.