Anti, in ci gaba da buga bayanan likitoci a gida ko in canza aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni a gida nake aiki, likitoci su naɗi muryarsu bayan sun duba mara lafiya, ni kuma in saurara in buga a kwamfuta ya shiga fayil ɗinsa. Da farko wallahi na ji daɗinsa, ga yarana a gabana ba fita ba wahalar hanya, amma yanzu kamfanin ya kawo manhajar da take rubutawa da kanta mu sai dai gyara, kuma kuɗin gyara bai kai na bugawa ba, ga ciwon baya ga na wuyan hannu. An min tayin aikin karɓar marasa lafiya a wani asibiti, albashi tsayayye amma fita tun safe, ƙawata kuma ta ce in koyi kodin, wato sa wa cututtuka lambobi a bayanan asibiti. Kaina ya kulle Anti. Daga 'yarki.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Gaskiya ɗaya ce, bugawa zalla ta kama hanyar tafiya kuma ba kamfaninku kaɗai ba ne. Tun da Amurka ta yi dokar HITECH a 2009 asibitoci suka koma ajiye bayanai a kwamfuta, ga kuma manhajojin da ke mayar da murya rubutu irin su Dragon Medical na kamfanin Nuance, wanda Microsoft ya saye a 2022 kan kusan dala biliyan 20. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ai kin san ba zai koma baya ba.

Amma kar ki yi saurin ajiye aikin. Ki fara da lissafi. Yawanci a layi ake biyanku, layi kuma harafi 65 ne, to ki ɗauki sati guda kina rubuta awa nawa kika zauna da abin da ya shigo, har da lokacin da kike taka fedal, wato abin takawa da ƙafa, kina mayar da murya baya sau uku saboda likita yana magana yana tauna abu, ko yana cikin mota, ko ya haɗiye sunan magani, duk wannan ba a biyanki shi ai. Ki raba ki ga nawa awarki take. Sai ki cire kuɗin hanya da na mai kula da yara daga albashin asibitin ki kwatanta. Mutane da yawa a nan suke shan mamaki, ta kowane ɓangare.

Ni dai in kin tambaye ni, ƙawarki ta fi kusa da gaskiya. Kodin shi ne karanta bayanin likita a sa wa kowace cuta da kowane aiki lambarsa, cututtuka da tsarin lambobi na ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, ayyukan likita kuma da nasu tsarin, don inshora ta biya asibiti. Ke da kike gane cewa manhaja ta rubuta 50 alhali likita 15 ya ce a allurar insulin, kin riga kin ci rabin karatun, sunayen cututtuka da gaɓɓai duk suna kanki. Akwai jarrabawar samun shaidar ƙwarewa a kodin, CPC ta AAPC da CCS ta AHIMA, ƙungiyoyin masu wannan sana'a ne a Amurka, sai dai fa ba banza ba ne, akwai kuɗi akwai karatu, kuma wasu wuraren sai sun ga kin ƙware kafin su bar ki ki yi daga gida. Shi ma kodin ɗin manhaja ta fara leƙo shi, kar wani ya ruɗe ki.

Aikin karɓar marasa lafiya kuwa ba laifi in gida na buƙatar kuɗi tsayayye yanzu yanzu, amma iliminki zai zauna ne kawai.

Hannun nan kuma kar ki yi wasa da shi, in yatsu sun fara mutuwa da daddare ki je a duba miki jijiya. Ki tambayi masu asibitin ko za su ba ki sati biyu ki yi tunani, ki yi lissafin nan a ciki, ki zauna da maigida ku duba tare.