Kafet ko Tayil: Me Za Mu Shimfiɗa a Falo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Muna gab da tarewa a sabon gida, an gama filasta da fenti, saura ƙasan falo. Maigidana ya kafe sai an malale shi da kafet daga bango zuwa bango, wai ya fi ɗumi da taushi, ga shi mahaifiyarsa da za ta zauna da mu tana fama da ciwon gwiwa. Ni kuma raina yana kan tayil mai sheƙi, irin wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Yaranmu uku, na tsakiyan yana da asma, autar kuma yanzu take rarrafe. Sati biyu ke nan maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, shi ne muka yarda mu bi abin da kika ce.

Daga Maman Yara Uku

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a. Kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na riga na tsayar da magana, kuma ba son ranki ko na maigidan na duba ba. Mutum biyu na duba: yaron nan mai asma, da surukarki.

Bari in fara da kafet, domin na zauna da shi shekara 8 a falona. Duk sati ana bin sa da injin zuƙe ƙura, kowa ya shigo sai ya yaba tsabtarsa. Ranar da muka ɗaga shi, abin da na gani a ƙasa ya tayar mini da hankali: ƙura mai laushi kamar toka, wadda ta cika abin kwasar shara sau da yawa, ga wani baƙin tabo na fumfuna a gindin taga inda feshin ruwan sama ya taɓa shigowa. Shekaru muna shaƙar wannan ba mu sani ba.

Ƙurar ma ba ita kaɗai ba ce. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Ba sa cizo. Ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikinmu suke ci, kuma daga danshin iska suke samun ruwa, shi ya sa suke yaɗuwa a ɗaki mai laima, su ragu idan danshin ya yi ƙasa da kashi 50 cikin 100. Kashinsu ne ke tayar wa mutane da yawa asma da atishawa. Suna maƙale wa zaren kafet da ƙafafunsu, inji ba ya iya zaƙulo su duka, tsintsiya kuwa tayar da ƙurar sama kawai take yi, daidai tsayin hancin yaro. Ba kowace asma ce su ke tayarwa ba, don haka ki tambayi likitan yaron abin da ke tayar masa da tasa. Amma ni dai ba zan manna wa gidan da ke da mai asma abin da ba za a iya fitarwa a wanke ba.

Sai maganar auta. Mai rarrafe za ta yi fitsari, za ta yi tumbuɗi, yayyenta za su kifar da kofi. Kafet ɗin da ya jiƙe, idan bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, fumfuna ke kama shi, kuma ruwan ba a sama yake tsayawa ba, soson da ke ƙasa yake ratsawa. Ki goge sama tas, warin yana nan.

Duk da haka maigidanki ba maganar banza ya yi ba, kada ki je ki ce masa Anti ta kayar da shi. Kafet yana shanye ƙara. Falon da aka yi wa tayil aka bar shi tsirara, magana ma amsa-kuwwa take yi, balle jan kujera ko gudun yara. Ɗumin da yake faɗa shi ma gaskiya ne, ko da yake kafet da tayil da ke ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya: tayil yana saurin janye ɗumin tafin ƙafa ne, shi ya sa ake jin sa da sanyi. A lokacin zafi wannan ni'ima ce, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da asuba kuwa ba daɗi. Kuma wanda ya faɗi a kan kafet bai ji abin da wanda ya faɗi a kan tayil ya ji ba.

To a nan zan juyo kanki. Tayil ɗin nan mai kama da madubi, ki cire shi daga ranki. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya mai da shi tarko, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar jarrabawa ba ce, wasu daga ita ba sa sake miƙewa yadda suke. Ko ta fuskar kyau ma wahala ce, kowane sawu da kowace ƙura sai sun nuna, ki wuni da tsumma a hannu.

Abin da nake ba ku shawara shi ne tayil marar sheƙi, sannan a ɗora kafet ɗin tsakiya wanda ake naɗewa a fitar. Idan kun je saye, ku duba jikin kwali. Akwai alamar santsi da ke farawa daga R9 zuwa R13, yawan lambar yawan riƙe ƙafa, R10 ya wadatar a falo. Akwai kuma PEI, wadda ke nuna juriyar fuskar tayil ga takawa, ku nemi 3 ko 4. In da hali ku ɗauki nau'in tayil ɗin da ake kira foselin, domin ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba, ya fi tayil na gama-gari tauri da jure tabo. Launi kuma a nemi tsaka-tsaki, ruwan ƙasa ko ruwan toka mai ɗan zane. Fari sol yana tona datti, baƙi wuluk yana tona ƙura.

Ku ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon falon saboda yanka da fashewa, kuma duk kwalayen su zama masu lambar gashi ɗaya, wato waɗanda aka gasa tare a masana'anta, don launi yakan ɗan saɓa daga wannan gashi zuwa wancan. Ku ajiye kwali guda a sito. Bayan shekara 5 in ɗaya ya tsage, da wuya ku sami irinsa.

Rabin ingancin tayil a hannun mai sa shi yake. Ku tabbata daɓen ya bushe sosai kuma ya miƙe. Bayan an gama, ki bi da kanki kina ƙwanƙwasa kowane ɗaya da bayan makulli. Wanda ya yi ƙarar ganga, ƙasansa da rami, shi zai fara fashewa, a cire shi tun kafin a sallami mai aiki. Abin cike tsagin ma kada a sa fari, wata uku ya isa ya yi baƙi.

Shi kuma kafet ɗin tsakiya, a samu mai gajeren gashi, girmansa ya kai ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa su danne shi, misalin mita 2 da mita 3 a matsakaicin falo. A sa masa shimfiɗar roba a ƙasa don kada ya zame. Ki lura da bakinsa sosai, bakin da ya tanƙware shi ke harɗe tsofaffi, don haka kada ya gitta hanyar da Hajiya ke bi zuwa ɗakinta ko bayi. A saya mata silifas mai taushi da ƙasan roba. Duk ƴan makonni a fitar da shi a kakkaɓe, a shanya a rana, yaron kuma ya yi nisa lokacin da ake kakkaɓewar. In kun ga ƙirjinsa ya fi sakewa a kwanakin da kafet ɗin yake waje, ku bar shi a waje.

Ki gaishe mini da Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya yaye wa yaron.

TAMBAYA

Anti, ni haya nake, daɓen falona siminti ne duk ya farfashe, mai gidan kuma ya hana a sa tayil. An ce mini in sa katakon nan da ake harhaɗawa. Ya kike gani?

Daga Ɗanki Mai Karatu

AMSA

Ɗana, wannan da ake kira laminet ba katako ba ne zalla. Garin katako ne da aka matse, aka manna masa hoton katako a sama, aka rufe da fata mai tauri. Ba a manna shi da ƙasa, don haka za ka iya kwance abinka ranar tashi, ga shi ya fi tayil ɗumi a ƙafa. Abokin gabarsa ruwa ne: in ya shiga ta mahaɗa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Kafin ka kashe kuɗinka, manna ƴar leda a kan daɓen, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, ƙasan na fitar da danshi, ka haƙura da laminet ka nemi ledar ƙasa mai kauri. In a bushe yake, a cike ramukan da siminti tukuna, a shimfiɗa leda da soso a ƙasa, a kuma bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da bango, domin yana buɗewa idan iska ta yi danshi.